Mikin da Inna Altine Ba Ta Sallama Ba

Duk wadda ta taɓa hawa kabu-kabu a Malbaza ta san salansa ba ta da mutunci. Kina sauka daga babur, hankalinki yana kan kayanki, sai ki ji zau a sharaɓa, kafin ki ce wayyo fata ta tashi. Da za ki bi matan garinmu kina leƙen ƙafafunsu, abin da ba na ba ki shawara, da kin ga tabon nan a ƙafar dama, kusan kowa da nata. Masu tabo sumul, wanda sai an nuna miki za ki gane shi, su ne suka bi ta hannun Inna Altine. Masu tabo mai tudu da ƙaiƙayi kuwa, su ne suka bi shawarar maƙwabta.

Ni ba salansa ce ta kai ni wurinta ba. Sunana Lubabatu, ƙosai nake toyawa a bakin tasha, kuma wata safiya kasko ya goce, tafasasshen mai ya kwararo mini a bayan hannu. Mutanen tasha, Allah ya shirye su, kowa likita ne. Wannan ya ce gishiri, wancan ya ce man goge baki, wani tsoho har ya iso da toka cike da tafinsa. Ina tsalle ina zaginsu gaba ɗaya, sai wata mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta, ta ratsa su ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Ku bar mata hannu," in ji ta. "Ruwa za a zuba. Ku yi ta zubawa har in ce ya isa."

Ta sa aka ƙarar da ruwan jarkar mai shayi a hannuna, yana gunaguni tana yi kamar ba ta ji ba. Sannan ta ɗauki ƙwaryarta ta ce in biyo ta. Na bi ta ina kuka kamar ba uwar 'ya'ya ba. Tun daga ranar ban daina bin hanyar gidanta ba, da ciwo ko babu.

Inna Altine ke nan. Bafulatana ce, 'yar siririya, an haife ta a wata ruga ta yankin Tajaye. Cikin shanu ta taso, kuma a wurin uwarta ta koyi maganin, don a ruga ba a rasa yaron da ya faɗa wuta ko ɗan maraƙin da igiya ta ci wa ƙafa. Shekarar da fari ya share musu garke danginta suka watse, ita kuma ta auri Yakuba, wani Bahaushe manomin albasa, ya kawo ta bakin garin Malbaza. Ta haihu da dama, ƙasa ta karɓe su tun suna goye. Ɗan farin ne kaɗai ya tsaya mata, Sirajo, kuma da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa. Yana ƙarami "wancan yaro" take ce masa, da ya girma ya sayi babur ya koma "mai babur". Lokacin da na san ta Yakuba ya riga ya rasu, ba ta da saniya ko ɗaya, nonon ma saro shi take yi a wurin 'yan'uwa ta yi talla. Amma har yau, in garke ya gifta ta bayan gida da yamma, sai ta bar abin da take yi ta tsaya a bakin darni har ya wuce.

Maganin ba asiri ba ne, a gaban kowa take yinsa. Ƙaron dakwara take jiƙawa ya narke, ta daka ɓawon dargaza ta matse yauƙinsa, ta dafa bagaruwa ta tace ruwan da farin ƙyalle ta ɗiga kaɗan. Sai ta zauna tana burgawa har abin ya haɗu ya yi kauri, yana rawa a ƙwarya kamar kunun da ya huce. In ta shafa miki shi a ƙuna, sanyi ne ke fara ratsa ki har cikin kai. Ta rufe da tsabtataccen ƙyalle, ta ɗaure sako-sako, ta ce gobe ki dawo. In ta zo cirewa, ƙyallen ba ya manne wa nama, ba a ɓamɓaro shi da jini ana ihu kamar yadda muka saba.

Mu nan mun tashi da sanin cewa miki sai ya bushe yake warkewa, shi ya sa ake barbaɗa masa duk garin da hannu ya kai. Ita kuma ta ce a'a, a jiƙe za a bar shi. Na yi mata gardama tun hannuna yana ɗaure, don ni ba na ganin abu in yi shiru.

"Lubabatu," ta ce, "sabuwar hwata awa shuka take. Kin taɓa ganin hatsi ya hito ga busassar ƙasa?"

"Ku Fulani mi kunka sani ga shuka?" na ce. "Ba cinye muna ita kawai kuka yi ba?"

Ta yi 'yar dariya ta ci gaba da ɗaurinta. Ga bayan hannun nawa nan, sai na nuna miki wurin.

Ta kuma san iyakarta. In ƙunar ta yi faɗi, ko ta ci fuskar yaro, ko naman ya yi fari fat ba ya jin taɓi, ba ta ko buɗe ƙwarya. Ita da kanta za ta fita titi ta tsayar da babur ta ce a wuce asibiti.

Aibin maganin ɗaya ne: ba ya ajiyuwa. In ya kwana ya wuni, balle da bazara, sai ya tsinke ya yi tsami, ya zama abin zubarwa. Ba a ƙulla wa mutum shi a leda ya tafi da shi. Mai ciwo ne zai yi ta zuwa da ƙafarsa, safiya bayan safiya, har ranar sallama.

Sallamar nan ita ce abin da ba ta wasa da shi. In miki ya rufe, ba ta yarda da ido. Za ta sa babban yatsanta ta danna tabon, ta ɗaga, ta duba yadda jini ke komawa, ta murza gefe-gefe ta ji ko akwai ruwa a ƙarƙashi. In ta gamsu sai ta lakato man shanu ta shafa, ta ce, "Tahi, na sallame ka." Haka uwarta take yi. Wanda ya ga ya warke ya ƙi dawowa ya ja wa kansa, don za ta bi shi. Na ga ta tare wani ƙaton direban motar siminti a gaban abokansa ta ce ya naɗe wando, ya kuwa naɗe. Ta taɓa ce mini mikin da ba a sallama ba, a wurinta kamar saniyar da ba ta shigo garke da magariba ba ne: sauran duk sun cika, amma ita kaɗai kike ji a rai.

A duk tsawon shekarun nan miki ɗaya ne ya kuɓuce mata, kuma a ƙafar ɗanta yake.

Sirajo ɗan kabu-kabu ne, dogo, mai yawan dariya, irin samarin da ke cinye ƙosaina sannan su ce bai ji gishiri ba don kawai su ji bakina. Wata rana bayan girbi, yana dawowa daga Ƙonni, yashi ya kwashe shi, babur ya danne shi, salansa ta kwanta masa a sharaɓa kafin mutane su ɗaga. Ƙunar ta kai faɗin tafin hannu. Uwar ta duba ta ce tana iyawa, amma zai daɗe. Ya zauna gida yana ta ƙorafi, ƙafa a kan buhu. Ita kuwa, in gaya miki gaskiya, daɗi take ji, don rabonta da ta same shi a zaune tun yana ƙarami. Fura ma a kwanakin nan nonon da za ta sayar take juye masa.

Damina ba ta yi kyau ba a shekarar, rumbuna ko rabi ba su kai ba. Samarin unguwa suka haɗa kai za su tafi haƙar zinariya can arewa, gaba da Agadas. Irin wannan tafiya ba a yinta kai kaɗai. Da ayarinku kuke tafiya, ku ci tare, ku riƙe wa juna igiya a bakin rami, wanda ayari ya bari kuma sai wata shekara. Sirajo ya sayar da babur. Mikin a lokacin ya fara jan baki, gefensa ya yi sabuwar fata ja, amma tsakiyarsa a buɗe take.

Ina gidan da hantsin da ya zo yi mata bankwana. Ba ta ce kada ya tafi ba, ta san abin da ke cikin rumbu.

"Ka bari shi ruhe," ta ce. "Saura kaɗan. Ka bari in sallame ka."

"Inna, mota ba ta jiran ƙahwata. Ki ƙulla min shi ga leda in dinga shahwawa ga hanya."

"Kahin ku kai Agadas ya lalace. Kai ma ka sani."

Ta zaunar da shi, ta wanke, ta shafa masa da kauri fiye da kullum, ta ɗaure. Ta daɗe tana gyara ƙullin, ta kwance ta sake ɗaurawa, alhali babu abin da ya same shi. Ya durƙusa ta sa masa albarka, ya ɗauki jakarsa ya fita yana ɗan ɗingishi. Ko ƙofa ba ta raka shi ba. Ni ce na bi shi har tasha, na cusa masa ƙosai a jaka, ya ce Allah ya sa na yau ya ji gishiri.

Daga ranar, duk sa'ad da ta haɗa magani sai ta ɗebi ludayi guda ta zuba a wani ƙaramin ƙoƙo, ta rufe da faifai ta ajiye a inuwar randa. Ba ta ce na wane ne ba. Ya kwana ya yi tsami, ta zubar a gindin darni, ta wanke ƙoƙon. Abin yana ci mini rai, don ƙaro ya yi wuya. Dakwarar da ke kusa duk an sare an yi girki, sai ta yi nisa cikin daji da bazara kafin ta cika ɗan gwangwani, dargaza ma sai ran kasuwar Ƙonni ake samu. Na ce mata wannan ɓarna ce.

"In ya taho da sahe hwa?" ta ce. "In ce mishi shi jira?"



A wayata Sirajo yake kira, don ita ba ta da ita, in ya hau wani tudun da suke samun rezo, wato inda waya ke kamawa. Wata uwar da "yaushe za ka dawo" za ta fara. Ita bakinta ba ya iya wannan. Tambayarta ɗaya ce kullum.

"Ƙaƙa ƙahwar?"

"Ta warke, Inna, tun tuni. Har ƙwallo nike bugawa."

Sai ta miƙo mini wayar ta ce, "Ɗiyan yanzu, ga waya kowa lahiya lau shike." Ta ji labarin ƙurar rami, ta ji cewa ruwan can saye ake yi, ba mai ɓarnatar da shi a wankin ciwo. Ta kuma sha ganin ƙunar da aka bari ta zama gyambo, ta yi shekaru tana cin mutum. Da ya gaji ya turo hoton ƙafar, na nuna mata. Ta juya wayar sama da ƙasa, ta ɗora babban yatsa a kan gilashin ta danna, hoton ya gudu.

"Wanga ba ya hwaɗa min komi," ta ce.

Ni na san ba ƙafar kaɗai take nema ba. Kewar ɗanta ce ke cinta, kuma maganar ƙafar ce kaɗai kunya ta bar mata. Shekara ta zagayo bai zo ba, wata ta bi bayanta. Kullum da dalili: yau rami ya kusa bayarwa, gobe hanya ba kyau. Inna ta sauya wurin tallarta, ta dawo kusa da kaskona, daidai inda motocin arewa ke sauke mutane. Ta ce wai nan aka fi ciniki. Ƙarya take yi, inuwa ma babu a wurin. In mota ta tsaya ba fuskoki take kallo ba, tafiyar masu sauka take kallo, ko akwai mai ɗingishi.

A cikin wannan jiran Ummulkhairi ta shigo. 'Yar wani malamin lakwal ce, wato makarantar boko, a unguwarmu, tana karatun haɗa magunguna a jami'a a Yamai, kuma ita ma tana ɗauke da tabon salansa da Inna ta sallama tun tana 'yar yarinya. Ta zo hutu, ta zo gaisuwa, sai ta yage wata takarda mai ƙyalli ta fito da wani falle mai santsi, garau, kamar ruwa ne ya tsaya wuri ɗaya amma yana lanƙwasuwa. Ta ce a manyan asibitoci irinsa ake ɗora wa ƙuna. Yawancinsa ruwa ne, yana riƙe danshi, yana kashe zafi, ba ya mannewa. Daga waje ake kawo shi, talaka ba ya ganinsa. Su kuma a makarantarsu suna neman yadda za a yi irinsa da itatuwan ƙasarmu, waɗanda ake ɗibar ƙaronsu ba sai an sare ba, abin da in an gama da shi ƙasa za ta cinye, ba kamar leda ba. Ta ce tun ranar da aka fara yi musu darasin, ƙwaryar Inna take gani.

Ni na zaci tsohuwa za ta ɓata rai, an zo mata da abin Turawa har gida. Ina! Ta shinshina fallen, ta ja shi, ta ɗora a kuncinta. Ba ta tambayi sunansa ba, ba ta tambayi ƙasar da aka yi shi ba.

"Ɗiyata, wanga shina daɗewa bai lalace ba?"

"In ba a buɗe ba, Inna, shina hin shekara."

"Shina tahiya kenan."

"Shina tahiya."

"To nawa hwa? Kina iya sa nawa shi yi tahiya?"

Ummulkhairi ta ce ba ta yi alkawari ba, amma za ta gwada. Hutun nan kusan duka a gidan ta yi shi. Inna ta nuna mata komai, ita kuma ta koya wa Inna ta riƙa tafasa ruwan jiƙo da ƙyallayen ɗauri, ta riƙa wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa miki, tsohuwa ta karɓa ba musu. Yarinyar ta koma Yamai da ƙullin ƙaro da dargaza da bagaruwa. Sai ya zama mutum biyu Inna take jira a wayata, ni kuma na zama kamar buro, wato ofishin waya, kowa ya kira sai na bar ƙosai a wuta in ruga. Labarin Yamai ma ba daɗi da farko. Gwajin farko ya yi funfuna, na biyu ya bushe ya farfashe kamar ƙanzo. Wani lokaci Inna ta ce, "Ki ce mata ta rage bagaruwa," wani lokaci ta ɗauki ƙwaryarta kawai ta fita talla.

Sai wani hutun yarinyar ta dawo da abin. Ba mai ruwa ba ne kamar wancan na waje. Busassun fallaye ne, sirara kamar ɓawon albasa, kowanne a liƙe cikin 'yar takardarsa. Ta tsoma ɗaya a tafasasshen ruwan da ya huce, muna kallo ya sha, ya kumbura, ya dawo maganin Inna sak, har warin bagaruwar. Ta ce malamanta ba su gama gwaje-gwaje ba, da sauran aiki kafin a ga abin a farmasi, amma waɗannan 'yan kaɗan na mai abu ne. Inna ta taɓa, ta kai hanci, ta murza tsakanin yatsu.

"Shi na," ta ce.

Ban taɓa ganin haƙoranta duka a waje ba sai ranar.

Ko ɗaya ba ta ajiye wa kanta ba. Ta naɗe su a tsumma ta ɗinke, muka kai wa wani direba mai zuwa Agadas, shi kuma ya ba wani, hannu da hannu har saƙo ya isa. Sirajo ya bugo yana dariya har yana tari.

"Inna, na ce maki ta warke! Mi za ni yi da su?"

"Ka sa dai," ta ce. "In ka taho in gani."

Ya ce da damina zai zo in sha Allahu, wannan karon da gaske.

Bai kai damina ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Aka bugo wa ƙanen ubansa, shi ya zo ya faɗa mata, a can kuma aka binne Sirajo. Ta ce innalillahi, ta shimfiɗa tabarmi, ta karɓi gaisuwa da busassun idanu. Ni ce na yi ta ɓarka kuka har ana ba ni haƙuri a gidan da ba nawa ba. Amma duk wanda aka ce ya taɓa zuwa arewa, in ya durƙusa yi mata ta'aziyya, sai ta rage murya ta ce, "Ka ga ƙahwatai?" Babu wanda ya gani, wa ke duba ƙafar namiji a cikin wando? Mata suka fara raɗa cewa rashin ya taɓa ta. Na ce da su kowa ta je ta ji da gidanta, hankalin Inna ya fi nasu zama. Abin da take son sani ƙarami ne, kuma haƙƙinta ne: shin ɗanta da buɗaɗɗen miki ya yi shekarun nan yana ɓoye mata, ko kuwa aikinta ya kai shi? Ƙoƙon nan ma ba ta daina cika shi ba, ni kuma ban sake cewa ɓarna ce ba.

Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi. Wata safiya ina gidan ina taya ta dakan dargaza, sai wani baƙo ya tsaya a ƙofa ya nemi iso. Ya ce sunansa Muttaƙa, mutumin Alela ne, rami ɗaya suka yi aiki da Sirajo. Jiya ya sauka gida, yau ya hau babur ya zo. Ya yi ta'aziyya, ya ajiye mata bargon marigayin a gefen tabarma. Sannan ya naɗe hannun rigarsa na hagu. Sama da wuyan hannu akwai tabon ƙuna, sumul.

"Injin wuta na yak kama ina zuba mishi mai," ya ce. "Can babu likita kusa. Shi yaz zaunar da ni, yaƙ ƙarar min da ruwan shanmu ga hannu, yab buɗe saƙonki. Kullum da sahe shi ka canza min har sunka ƙare. Da yar ruhe nic ce mishi na gode, sai yac ce ba shi ka sallama ba. Yac ce aikin Inna na, in ka koma gida ka biya Malbaza ta danna ta gani."

Inna ta matso. Ta riƙe hannun, ta danna, ta ɗaga, ta duba, ta murza gefe-gefe a hankali, kamar yadda take yi wa kowa. Ta ce in miƙo mata man shanu. Ta lakato ta shafa.

"Tahi, na sallame ka."

Amma ba ta saki hannun ba.

"Nashi hwa?" ta ce. "Ka gani?"

Muttaƙa ya sunkuyar da kai. "Ni niw wanke shi, Inna, ni da wani dattijo. Da niz zo ga ƙahwar dama nit tuna yadda shike ba mu labarinki, cewa har yau ba ki yarda ba, muna ta dariya. Sai nis shahwa wurin da hannuna. Ya ruhe. Babu tudu, babu rami. Sai an nuna maka."

"Wane hannu?"

Ya miƙo na dama. Ta juya tafin sama, ta daɗe tana dubansa, tafi ne mai kanta irin na masu jan igiya. Sai ta sake lakato man shanu ta shafa a tafin, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na yi shekaru da matar nan, ko da kuskure ban taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Sirajo," ta ce. "Tahi, na sallame ka."

Sai a sannan ta yi kukanta, ni da baƙon muka zauna muka bar ta. Da ta gama ta share fuska da gefen zane, ta ce in dama wa mutumin fura, ya sha hanya.

Washegari na biya kafin in tafi tasha. Na tarar da wata mata a zaune da sabuwar ƙunar salansa tana cije baki, Inna tana burga magani. Da ya haɗu ta bar shi duka a ƙwarya guda. Ƙaramin ƙoƙon yana kife a kan darni, an wanke shi, har ya bushe.